Abubuwan Lura Kafin Sayen Fitilar Filash Ta Kyamara

Duk wanda ya saba halartar walimar aure ko taron ofis da daddare ya san irin hotunan da ake yawan samu bayan an watse: fuskokin waɗanda ke sahun gaba sun yi fari fat, na bayansu sun nutse cikin duhu, idanun wasu sun kaɗa sun yi ja, ga baƙar inuwa manne a jikin bango. Galibi kyamara ake ɗora wa laifi, alhali matsalar ta haske ce. 'Yar fitilar da ake haɗawa a jikin kyamara ba ta da ƙarfi, ba ta juyawa, kuma tana kusa da gilashin ɗaukar hoto ƙwarai, shi ya sa haskenta ke shiga cikin ido ya dawo da launin ja.

Maganin wannan shi ne fitilar da ake ɗorawa a saman kyamara, wadda masu sana'ar ke kira filash. Sai dai kasuwa ta cika da ire-irenta, kuma kuɗinta na bin canjin dala, don haka kuskure wajen saye asara ce mai zafi. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne lokacin da ya wuce: ɗaurin aure, raɗin suna ko miƙa lambar yabo ba a sake su domin hoto bai fita ba. Fitilar da ta dace ita ce wadda ta yi daidai da kyamarar mutum da irin aikin da yake yi, ko da kuwa ba ita ce mai babbar lamba a jikin kwali ba.

Yadda fitilar ke aiki

A ƙarshen ƙarni na 19 masu ɗaukar hoto kan ƙona garin sinadarin magnesiyam ne domin samun haske, abin da kan jawo hayaƙi, wani lokaci har da gobara. Daga baya aka samu ƙwan fitila da ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. Filash na lantarki ya samo asali ne daga aikin Harold Edgerton, injiniya a cibiyar MIT ta Amurka, a farkon shekarun 1930.

A fitilar zamani, batir na cika wata ma'ajiyar lantarki da ake kira kafasita, har ƙarfin wutar ya kai wajen bolt 300. Da an danna maɓallin ɗaukar hoto sai wutar ta zuba lokaci ɗaya cikin wani siririn bututun gilashi mai ɗauke da iskar zenon, ta yi walƙiya ta ɓace cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Launin hasken ya yi kusa da na rana tsaka. Daga nan sai batir ya sake cika ma'ajiyar. Kusan duk bambancin da ke tsakanin fitila mai tsada da mai araha yana komawa ga abu uku: yawan wutar da take iya tarawa, saurin sake tarawar, da yadda take musayar bayani da kyamara.

Dacewa da kyamara

Tambayar farko ita ce ko fitilar za ta yi aiki da kyamarar da ake da ita. A saman kyamara akwai wani mazauni na ƙarfe da ake zura ƙafar fitilar a ciki. A ido kusan duk mazaunan iri ɗaya ne, kuma mafi yawansu na da babban ɗigon ƙarfe a tsakiya wanda ke ba da umarnin walƙiya. Amma ƙananan ɗigon da ke kewaye da shi, waɗanda ke ɗaukar sauran bayanai, kowane kamfani da tsarinsa. Fitilar Nikon za ta iya shiga mazaunin Canon, amma ba za su fahimci juna ba.

Saboda haka kamfanonin da ke ƙera fitilu domin kyamarorin wasu, irin su Godox da Yongnuo na ƙasar Sin, kan fitar da samfuri ɗaya a nau'i daban-daban. A kayan Godox harafin ƙarshen suna ne ke nuna haka: C na Canon, N na Nikon, S na Sony, F na Fujifilm, O kuma na Olympus da Panasonic. Wanda ya sayi TT685 mai harafin N alhali kyamararsa Canon ce, ya biya kuɗin fasahar da ba zai mora ba.

Akwai wasu tarkuna da ya kamata a sani. Canon ya fitar da wasu ƙananan kyamarori, irin su EOS 4000D da 250D, ba tare da ɗigon tsakiya ba, don haka fitilun da suka dogara da wannan ɗigo kaɗai ba sa tashi a kansu. Tun daga EOS R3 a shekarar 2021 kamfanin ya shigo da sabon mazauni, kuma EOS R50 na buƙatar adafta mai suna AD-E1 kafin ta karɓi tsofaffin fitilu. Shi ma Sony ya sauya mazauninsa a 2012, ya bar wanda ya gada daga Minolta. Hanya mafi sauƙi ta kauce wa duk wannan ita ce mai saye ya je kanti da kyamararsa, a ɗora fitilar a gwada a gabansa.

Lambar ƙarfi da abin da take ɓoyewa

A jikin kwali akan rubuta haruffan GN tare da wata lamba, misali GN 60. Wannan ce lambar ƙarfin fitila, kuma lissafinta mai sauƙi ne: a raba ta da lambar f, wato girman ƙofar da haske ke bi ya shiga kyamara, sai a samu nisan da hasken zai kai da kyau. Fitila mai lamba 60 a kan f/4 za ta haska abin da ke nisan mita 15, a kan f/8 kuma mita 7 da rabi. Fitilar jikin kyamara, wadda lambarta ba ta cika wuce 12 ko 13 ba, mita 3 kacal take kaiwa a kan f/4. Ana yin wannan lissafi ne a kan ISO 100. Idan aka ɗaga ISO zuwa 400, nisan zai ninka sau biyu.

Amma lambar na iya yaudarar mai saye. Kan fitilar yana iya matse haske ya tura shi nesa ko ya baza shi ya cika ɗaki, gwargwadon gilashin da ke jikin kyamara, kuma kamfanoni ba sa aunawa a wuri ɗaya. Canon ya auna lamba 60 ta fitilarsa 600EX II-RT ne lokacin da aka matse hasken a kan milimita 200. Nikon kuwa kan bayyana lambar SB-5000 a matsayin 34.5, amma a kan milimita 35. Wanda ya dubi lambobin biyu zai ɗauka ta farko ta kusa ninka ta biyu, alhali idan aka mayar da ta Canon kan milimita 35 lambarta na sauka zuwa wajen 36. Kusan ƙarfinsu ɗaya ke nan. Wasu kuma kan rubuta lambar da ma'aunin ƙafa maimakon mita, inda 60 ke komawa 197. Don haka kafin a kwatanta fitilu biyu sai an tabbatar ISO ɗaya ne, milimita ɗaya ne, ma'aunin nisa ma ɗaya ne.

Wata ƙa'idar da ke da muhimmanci ita ce, idan nisa ya ninka sau biyu, hasken da ke isa wurin yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa na sahun gaba ke ƙonewa na baya su yi duhu, kuma babu ƙarfin fitilar da zai gyara hakan matuƙar kai tsaye ake harba hasken.

Mai auna kanta ko ta saitin hannu

Fitilu sun kasu gida biyu. Akwai masu tsarin TTL, waɗanda ke fara sakin wata 'yar walƙiya da ido bai cika lura da ita ba, kyamara ta auna hasken da ya dawo ta cikin gilashi, sannan ta faɗa wa fitilar ƙarfin da za ta saki. Canon na kiran nasa tsarin E-TTL II, wanda ya fito a 2004, Nikon kuma i-TTL, tun 2003. Akwai kuma na saitin hannu, irin su Godox TT600 da Yongnuo YN560, inda mai hoto ke zaɓar ƙarfin da kansa, daga cikakke zuwa rabi, kwata, har kashi ɗaya cikin 128.

Ga mai ɗaukar hoton biki, ko jami'in yaɗa labarai na ma'aikata da ke bin manyan baƙi daga bakin ƙofa zuwa kan mumbari, TTL na da matuƙar amfani, domin nisa na sauyawa a kowane taku kuma babu lokacin lissafi. Sai dai tsarin na da rauninsa. Farar babbar riga ko farin mayafi kan ruɗe shi, ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage ƙarfi, fuskar mai rigar ta fito da duhu. Baƙaƙen kaya kuma kan sa ya ƙara fiye da kima. Gyaran shi ne a ƙara ko a rage mataki ɗaya ta maɓallin daidaita ƙarfin filash, don haka yana da kyau a duba ko maɓallin na wurin da yatsa zai kai da sauri.

Ga ɗan kasuwar da ke ɗaukar hoton hajarsa domin tallata ta a WhatsApp ko Instagram, lamarin ya bambanta. Takalmi, turare ko turmin atamfa ba sa motsi, nisa ɗaya ne, wuri ɗaya ne. A nan saitin hannu ya fi, domin da an samu daidai sau ɗaya, hotuna ɗari za su fito da haske iri ɗaya. Kuɗin fitilar TTL guda ɗaya sau da yawa kan isa a sayi ta saitin hannu tare da lema da sandar ɗora ta.

Kai mai juyawa

Babban abin da ke raba hoton ƙwararre da na ɗan koyo shi ne inda aka nufa da hasken. Idan aka ɗaga kan fitilar sama, haske ya daki farin silin ya dawo, to silin ɗin gaba ɗaya ya zama fitila: inuwa ta yi laushi, ƙyallin goshi ya ragu, na gaba da na baya su samu rabonsu. Saboda haka fitilar da kanta ba ya ɗagawa zuwa digiri 90, ba ya kuma juyawa hagu da dama, ba ta fi ta jikin kyamara da komai ba sai ƙarfi. Juyawa gefe na da muhimmanci musamman idan an tsayar da kyamara domin ɗaukar mutum daga sama har ƙasa.

Wannan dabara na cin haske sosai, sau da yawa kashi uku cikin huɗu na ɓacewa a hanya, kuma a nan ne amfanin fitila mai ƙarfi yake. Haka nan haske na ɗaukar launin abin da ya daka. A ɗakin taron da aka yi wa ado da jan yadi ko shuɗi, ko ƙarƙashin rumfa mai launi, fuskoki za su rine da wannan launi. Idan rufin ya yi nisa ko kuma a fili ake, sai a koma ga farin katin da ake zarowa daga kan fitilar, ko farar hular roba da ake kifa mata.

Masu sayar da yadi su ne suka fi kowa buƙatar fahimtar wannan. Shadda da leshi mai duwatsu na mayar da haske kamar madubi, kuma idan aka harba filash kai tsaye sai zanen ya ɓace, launin ya sauya, mai saye ya karɓi kaya ya ce ba abin da ya gani a hoto ba ne. Hasken da ya zo daga gefe, ta cikin lema ko daga farin bango, shi ke fitar da saƙa da ainihin launi.

Batir da saurin cika

Bayan kowace walƙiya mai cikakken ƙarfi, fitila na buƙatar lokaci kafin ta sake shiryawa. Daƙiƙa biyar ba komai ba ce a shago, amma a wajen shigowar amarya tana iya zama bambanci tsakanin samun hoton da rasa shi.

Yawancin fitilu na amfani da ƙananan batura huɗu na AA. Masu caji na nau'in NiMH, irin su Eneloop na kamfanin Panasonic, sun fi cika fitila da sauri fiye da na amfani sau ɗaya, kuma sun fi sauƙin kuɗi idan tafiya ta yi nisa. Wasu fitilun kuma na zuwa da batirin litiyam nasu na musamman. Godox V860III, alal misali, kamfanin ya ce tana yin walƙiya 480 a cikakken ƙarfi da caji ɗaya, tana kuma sake cika cikin daƙiƙa ɗaya da rabi.

Kowanne da ranarsa. Litiyam ya fi sauri da daɗewa, amma idan ya ƙare a garin da babu wuta, aiki ya tsaya sai in akwai na biyu a jaka. Batirin AA kuwa ana samunsa a kusan kowane teburin mai kayan tireda. Wanda ke yawan fita aiki ƙauyuka ya kamata ya sa wannan a lissafi.

Zafi ma abin lura ne. Fitila na ɗaukar zafi idan ana harba ta a jere, kuma masu inganci na da tsarin da ke rage gudu ko dakatar da ita kafin ta ƙone. Littafin bayanin wasu fitilun Godox na shawartar a huta na aƙalla minti 10 bayan walƙiya 30 a jere da cikakken ƙarfi. A lokacin bazara gara a ɗaga ISO kaɗan a rage ƙarfin fitilar zuwa kwata, sai ta yi saurin cika, batir ya daɗe, zafi ya ragu.

Filash da rana tsaka

Mutane da yawa sun ɗauka filash na dare ne kawai. Amma da tsakar rana hula, rawani ko ɗankwali kan jefa inuwa a kan idanu, kuma ɗan hasken filash ne ke cike ta. Matsalar ita ce kowace kyamara na da iyakar saurin da labulenta zai yi aiki tare da filash, galibi 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa. Idan aka wuce haka, labule na biyu na fara rufewa kafin na farko ya gama buɗewa, sai wani ɓangaren hoton ya fito baƙi.

Fitilu masu tsarin HSS, wanda Nikon ke kira Auto FP, na magance wannan ta hanyar sakin ƙananan walƙiya masu yawa a jere, abin da ke ba da damar kaiwa har 1/8000. Sai dai ƙarfin hasken na raguwa ƙwarai, dole a matso kusa. Ga mai ɗaukar hoton ango da amarya a fili ko na hawan salla, tsarin ya cancanci kuɗinsa. Wanda aikinsa bai wuce cikin shago ko ofis ba zai iya haƙura da shi.

Raba fitila da kyamara

Idan hannu ya fara faɗawa, mai hoto kan so ya sauke fitilar daga kan kyamara ya kafa ta a gefe. Tsohuwar hanya ita ce wata fitila ta tayar da wata da walƙiyarta, amma hakan na buƙatar su ga juna, kuma hasken rana na hana shi aiki yadda ya kamata. Hanyar da aka fi bi yanzu ita ce ta siginar rediyo mai gigahaz 2.4. Canon ya sanya rediyo a cikin fitilarsa 600EX-RT a 2012, Nikon ya biyo baya da SB-5000 a 2016, kuma yawancin fitilun Godox na yanzu na ɗauke da shi. Galibi rediyon wani kamfani ba ya magana da na wani, saboda haka fitilar farko da mutum ya saya ita ke zaɓa masa gidan da zai zauna. Mai niyyar ƙara ta biyu da ta uku nan gaba ya kamata ya duba wannan tun yanzu.

Sabuwa ko ta hannu

Fitilun kamfanonin kyamara sun fi tsada, amma sun fi tabbas wajen aunawa da ƙarko. Na sauran kamfanoni sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga cikinsu sun isa aikin sana'a. Abin gudu shi ne marasa suna da jabu, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wanda zai sayi ta hannu ya buɗe gidan batir ya duba ko akwai tsatsa ko farin gari, alamar batir ya taɓa fashewa a ciki. Ya dubi robar gaban fitilar, idan ta yi rawaya ko ta narke to an wahalar da ita. Ya duba ko ƙafar ta tsage, ya harba ta a kowane mataki na ƙarfi, ya kuma ƙirga daƙiƙun da take ɗauka kafin ta sake cika da sabon batir.

Akwai haɗari na musamman a tsofaffin fitilun zamanin fim. Wasunsu, kamar Vivitar 283 na farko-farko, na iya tura fiye da bolt 200 ta ƙafarsu, abin da zai iya lalata kyamarar dijital. Bai kamata a ɗora irinsu ba sai an auna. Haka nan buɗe cikin fitila aikin mai gyara ne, domin ma'ajiyar lantarkinta na riƙe wuta ko bayan an cire batir. A wajen suna kuma, kamfanonin kyamara na gargaɗin kada a harba filash kusa da idon jariri, a ja baya aƙalla mita ɗaya. Mayar da hasken ta silin ya fi zama alheri ga jaririn da hoton baki ɗaya.

Wace ta dace da wa

Mai ɗaukar hoton iyali da ƙananan taruka zai wadatu da matsakaiciyar fitila mai TTL da kai mai juyawa, irin Canon 430EX III-RT ko Nikon SB-700, ko takwarorinsu na wasu kamfanoni. Ɗan kasuwa mai hoton haja na buƙatar ta saitin hannu mai rediyo, da na'urar tayar da ita, da lema. Jami'in yaɗa labarai na buƙatar TTL da saurin cika, tare da jerin batura na biyu a aljihu. Mai sana'ar hoton biki kuwa na buƙatar babbar fitila mai HSS, kuma ya fi masa alheri ya mallaki biyu masu matsakaicin kuɗi a kan ɗaya mai tsada, domin fitila na iya faɗuwa ko ta ƙone ana tsakiyar hidima. Wanda aikinsa bidiyo ne, filash ba zai amfane shi ba, fitilar LED mai ci gaba da haske yake buƙata.

Bayan saye, ya kamata a cire batura duk lokacin da za a ajiye fitilar na tsawon makonni, a kiyaye ta daga ƙurar hunturu da zafin cikin mota, a kuma gwada ta a gida da silin da bango kafin ranar da za a dogara da ita.